Kwalabe Tara da Baƙin Yashin Gindin Ɓaure

Ranar da aka yi sadakar arba'in ɗin 'yata, bayan la'asar, da masu gaisuwa suka watse, mu shida muka rage a tsakar gida. Akwai ni. Akwai mahaifinta, yana zaune kan buzu a ƙofar ɗakinsa da carbi a hannu, idonsa da ma ya daɗe da yin rauni. Akwai ƙanwata, wadda ta zo daga Kudan tun ana jinya ba ta tattara ta koma gida gaba ɗaya ba. Akwai mijin marigayiyar, malamin gona ne a ƙaramar hukuma a Makarfi, ya zauna can nesa jikin rumbu yadda suruki ke yi. Akwai matar ɗana, ita ce ke rubuta wannan maganar yanzu, don ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, kuma na gaya mata yadda na faɗa haka za ta sa. Ta shidanmu baƙuwa ce, malamar da ke duba karatun 'yata a jami'a a Zariya. Doguwa ce mai tabarau. Tun daga zaure ta cire takalminta, na lura da wannan, na kuma riƙe mata shi.

Malamar ta zo ta'aziyya, ta kuma zo karɓar wasu ƙananan kwalabe guda tara. Kwalaben suna nan cikin gwangwaninsu a ƙarƙashin gado. Sai dai abin da ke cikinsu ba shi ne abin da ta zo nema ba, kuma a cikin masu rai ni da ƙanwata kaɗai muka san haka. Sai na koma baya kafin a gane.

'Yar fari ce. Tana raye ban taɓa kiran sunanta ba, ba kuma zan fara a takarda ba. Haka muka tashi muka tarar, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta jan sa a jiki. In ina son ta sai in ce “ke”, in ina maganarta in ce “yarinyar nan”, har ta kusa shekara arba'in. Ita kuma Yaya take ce mini, don ta buɗe baki ta ji ƙanwata na kira na haka. Ta yi shekaru tana koyarwa a makarantar 'yan mata a Makarfi, sai ta ce za ta koma jami'a ta yi babban karatun nan da in an gama ake ce wa mutum dakta ko bai iya yin allura ba. Mahaifinta ya sa albarka. Ni na ce to, Allah ya sa kada tuwon mijinta ya riƙa ƙonewa.

Wata kaka, ruwa ya ɗauke, ta zo mana nan Kurmin Kogi da bokiti. Ta roƙi mahaifinta tsohuwar rediyonsa da ta mutu, ta kwance ta, ta ciro ƙarfen nan zagayayye mai jan ƙarfe da ke bayan lasifika, maganaɗisu take ce masa. Da hantsi ta yafa mayafi ta fita ita kaɗai ta nufi rafi. Matar aure, da bokiti, ba wanki ba ɗiban ruwa. Na ba ta tazara na bi ta. Ni ba na barin abu ya wuce a gidana ban san kansa ba.

Ta wuce mashaya, ta wuce inda ake wanki, ta bi gefen gonar rake har kwanar da rafi ke lanƙwasa a gindin tsohon ɓaure. A nan in ruwa ya janye yakan bar wani baƙin yashi a kwance, layi-layi, kan farin. Na laɓe cikin karan dawa ina kallo. Ta sa ƙarfen cikin leda, tana jan sa a kan yashi, baƙin yana tashi yana manne wa leda kamar gashin jariri. Sai ta kai bakin bokiti ta zare ƙarfen, yashin ya zube. Haka ta yi ta yi har rana ta take.

To mu, tun kakanninmu, ba a ɗiban komai a gindin ɓauren nan. Ba a saran reshensa, ba a wanka a kwanar, in yaro ya tsinto dutse daga can sai a sa shi ya mayar. An ce wurin da masu shi. Da ta dawo na bari ta sauke, na ce, “An ce an gan ki a gindin ɓaure.”

Ta ce, “Wa ya ce, Yaya?”

“Ina ruwanki da wanda ya ce.”

“Ai na hango kallabinki cikin kara. Na so in ce ki fito ki riƙe mini bokiti.”

“Ke, ba wasa nake yi ba. Ba a ɗiba a wurin nan.”

“Na yi bisimilla, na yi sallama. In da masu shi, sun ga dai yashi na ɗiba, ban taɓa musu tukunya ba.”

Mahaifinta ya yi dariya daga ɗaki. Ni dai ban manta ba.

Bayan kamar shekara biyu ta zo hutu da wata 'yar kwalba da ba ta fi ɗan yatsana ba, da wani baƙin gari a gindinta, bai kai cikin cokalin shayi ba. Ta ce yashin nan ne. Ta narka shi da wani ruwa mai cin hannu, ta tace, ta sake haɗa shi, har ya zama ƙwayoyin ƙarfe ƙanana, waɗanda ido ba ya ganin ɗaya, ƙurar da ke yawo a hasken taga ma dutse ce a kansu. Ta kawo ƙarfen rediyo jikin kwalbar. Garin ya miƙe tsaye ya bi hannunta, ta yi sama ya yi sama, ta yi gefe ya bi ta. Na ce, “Shekara biyu, wannan kika samo? Ko kwallin sati ɗaya bai kai ba.”

Lokacin ina kaɗi, don ni har yau ban bar shi ba, duk da ba mai sayen zare. Ta zauna a gabana ta ce, “Yaya, murza mazarin nan ki sake shi.” Na murza. Ta ce, “Dubi kansa. Yana juyawa, amma kan kuma yana zana da'ira a iska, yana layi.”

“Kaɗi za ki koya mini? Ke da ko abawa, zaren nan mai kauri, ba ki taɓa fitarwa ba?”

“Saurara mana. Kowace ƙwaya a cikin garin nan, akwai abu a cikinta mai juyawa kamar mazari. Akwai wata na'ura mai manyan maganaɗisu biyu, kowanne ya fi turmi. In an sa ɗan garin a tsakaninsu, duk mazaran sai kansu ya fara layi. Sai na'urar ta riƙa aika musu irin iskar da ke kai magana a waya, tana taɓa su, taɓawa bayan taɓawa. Yaushe kike ƙara wa mazari murza?”

“Lokacin da ya dace. In ka yi gaggawa ya faɗi, in ka makara zare ya tsinke.”

“To shi ke nan karatun nawa. Ana ƙara ƙarfin maganaɗisun a hankali a hankali, har layin mazaran ya zo daidai da taɓawar. A nan ne garin yake shanye iskar, sai na'urar ta zana layi ya lotsa. Inda ya lotsa, da faɗin lotsawar, su ke gaya mana halin ƙwayoyin, ko sun yi girma, ko suna jan juna, ko kowace tana nata.”

“Sai kuma me?”

“In an san halinsu, sai a san aikin da za a sa su. Ana iya zuba su a gurɓataccen ruwa su kama dattin a janye su. Ana iya kai su inda ƙari, irin na ciwon daji, yake a jikin mutum a ɗumama su. Amma sai an auna tukuna. Wanda bai auna ba, baƙin gari kawai gare shi.”

Na gane abin da ta faɗa sarai, ban dai nuna mata ba. Na ce ta tashi mini daga haske. Da ta fita na murza mazarin na daɗe ina kallon kansa. Shekara hamsin ina kaɗi ban taɓa duban wurin ba.

Na'urar babu irinta a makarantarsu. Tana wata ƙasa, kuma layi ake bi, sai an ba ka lokaci ka aika. Kafin lokacin ya zo sai ta haɗa kwalabe tara, kowace da girman ƙwayarta daban. Shekara huɗu ta yi a kansu. Wani zubin in ta zo gida, tun daga sallamarta nake sanin wani ya lalace. In iska ta shiga sai garin ya yi tsatsa ya koma ja, wata uku sun tafi, a sake daga farko. Shi ya sa take like bakin kowace kwalba da kakin kyandir. Yatsunta kullum da baƙi a gefen farce. Na sha ce mata ta sa lalle ta rufe, kada a ce mijinta ya auri maƙeriya.

Tana gama ta taran ciwo ya kama ta. Ƙafa ta fara kumbura, sai fuska, sai amai. A asibiti a Zariya suka ce ƙoda ce, duka biyun. Sau biyu a mako mijinta ke ɗaukar ta a mota a kai ta wankin ƙoda, ta dawo kamar an matse tsumma. Ita ta ce a kawo ta gidanmu jinya. Ta zo da jakar kaya ɗaya da gwangwanin madara, kwalaben na ciki an naɗe kowace da auduga. Ta ce an ba su lokaci bayan damina, kafin nan ba ta yarda da hannun kowa ba. Ta tura gwangwanin ƙarƙashin gadon da take kwance.

Na yi jinya yadda na iya. Abin da likita ya hana ban ba ta ba, ruwa ma da ƙaramin kofi nake auna mata, tana roƙo ina hanawa. Mahaifinta ya sa an yi sauka. An yi rubutu ta sha. Kullum jiya ta fi yau.

Sai ƙanwata ta je Kudan kwana biyu ta dawo, ta ja ni bayan rumbu. Ta ce ta je wurin wata tsohuwa mai magani.

“Yaya, wallahi ban ce mata komai ba. Ina zama ta ce akwai baƙin abu a ɗakin da mara lafiya ke kwana, na ruwa ne, masu shi suna nema. In ba a mayar ba, ba za su sake ta ba.”

“Ke da bakinki ba ya rufuwa ko a jana'iza, ba ki ce komai ba?”

“To, na ɗan faɗa. Amma ai ke da kanki kika hana ta ɗiba. Ko ba ki hana ba?”

Na ce ta rufe mini baki. Ni ba sakarya ba ce. Ina salla, na san mai ba da lafiya. Na san ƙanen mahaifinta ƙoda ce ta kashe shi, bai taɓa taka gindin ɓaure ba. Na kuma san abin da ke cikin kwalaben, ta zaunar da ni ta gaya mini da bakinta, da mazarina. Kwana uku ina kai da kawo da maganar a ciki. A na ukun na shiga da safe na tarar idonta ya kumbura har ba ya buɗewa sosai, tana lalube tana neman kofi. Sai na ce wa kaina, in ƙarya ce, gari ne ya tafi. In gaskiya ce, yarinyar nan ce za ta tashi. Iyakar tunanina ke nan. Shekara huɗunta ban sa su a ciki ba.

Ranar da aka tafi da ita wankin ƙoda, motar na fita na jawo gwangwanin. Na auna tsayin garin kowace kwalba da tsinken tsintsiya, na karya tsinke tara na jera su. Na tafi rafi. Ruwa ya cika lokacin, yana gudu. A gindin ɓaure na yi sallama, na kankare kakin da reza, na juye su ɗaya bayan ɗaya. Garin yana shiga ruwa sai ya buɗe kamar hayaƙi, ya yi ƙasa da ruwan, ya ɓace. Na ce, ga kayanku nan, ku sakar mini ita. Na ɗauraye kwalaben tas, don ni ba na rabin aiki.

A gida na daka gawayin marke, na tankaɗe shi ta cikin mayafi sau uku, na shanya kwalaben suka bushe, na zuba wa kowace daidai tsinkenta. Ƙanwata ta riƙe kyandir na like bakinsu. Na naɗe su da audugarsu na mayar. Ko ni da na yi, in na duba ba na bambancewa.

Bayan kamar kwana goma ta tashi da ɗan sauƙi. Ta zauna da kanta, ta ce tana son kunu. Ƙanwata ta zungure ni a madafi ta ce, “Kin gani ko?” Ni ma zuciyata ta ɗan ɗaga, ba zan ɓoye ba. Na kai kunun na zauna bakin ƙofa ina tsintar wake. Sai ta ce, “Yaya, miƙo mini gwangwanina in gaishe su.”

Na miƙa mata. Ƙarfen rediyon yana ciki a kan audugar. Ta ɗauki kwalba ta farko ta kawo ƙarfen jikinta. Garin bai motsa ba. Ta girgiza, ta sake. Ta ɗauki ta biyu. Ta ɗauki ta uku. A ta ukun ta tsaya. Ta daɗe tana duban kakin da ke bakin kwalbar. Ni kuwa ban ɗago daga faifai ba.

Ta ce, “Yaya, gawayin me kika daka?”

Na ce, “Marke.”

“Ya yi laushi. Da ban gwada ba da ban gane ba.” Ta juya kwalbar a hannunta. “A gindin ɓaure?”

“A can.”

“Duka?”

“Duka.”

Ta naɗe kwalbar da audugarta, a hankali, ta mayar, ta rufe gwangwanin. Ta ajiye shi a gefenta. Na jira ta yi kuka ko ta ɗaga mini murya, da ta yi da ya fi mini. Sai ta ce, “Kada ki gaya wa malamata. In na ji sauƙi ni zan gaya mata da kaina, na san yadda zan faɗa.” Ta kwanta ta juya fuskarta bango.

Akwai maganar da ya kamata in yi a lokacin. Na san ta sarai. Amma shekara kusan arba'in ban taɓa yi wa yarinyar nan magana mai taushi ba, bakina bai san hanyar ba. Abin da ya fito shi ne, “Ki sha kununki kafin ya huce.”

Ta sha. Sauƙin bai wuce kwana biyu ba. Ba ta sake tambayar gwangwanin ba, ba ta sake ta da maganar ba, kuma ba ta canza mini fuska ba, Yaya kaza, Yaya kaza, har ranar da aka tafi da ita Zariya da hantsi aka dawo da ita bayan azahar a naɗe. Mutane sun ce na yi haƙuri ƙwarai, ko hawaye ba su gani ba. Uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban jama'a. Na bar su da abin da suka gani.

To shi ne muka zo ranar arba'in, mu shida a tsakar gida. Malamar ta gaishe mu gaisuwa mai kyau, ta yi addu'a, ta faɗi halin marigayiyar. Ta ce a duk ɗalibanta ba ta taɓa samun mai haƙurin aiki irinta ba, wadda abu zai lalace mata sau biyar ta dawo da safe ta wanke kwalabe ta sake. Sannan ta ce lokacin da aka ba su a na'urar ya zo. Tana so ta karɓi kwalaben ta aika, in sakamako ya dawo ta haɗa da abin da marigayiyar ta riga ta rubuta, aikin ya fita da sunanta a kai.

Mijin ya ce, “Alhamdu lillahi. Kullum maganarta ke nan a mota.” Mahaifinta ya ce a ɗauko. Matar ɗana ta shiga ta fito da gwangwanin ta ajiye a gabana, don ni ce uwar gida.

Ƙanwata ta matso har kafaɗarta na taɓa tawa, ta yi ƙasa da murya. “Yaya, miƙa kawai. Can wata ƙasa wa ya san gawayin marke? Ki rufa mana asiri, surukinki na zaune.”

Na ɗora hannu a kan murfin. Da ban san komai ba da na miƙa. Amma yarinyar nan ta koya mini. Gawayi ba shi da mazari a cikinsa. Za a sa shi tsakanin manyan ƙarafan nan, a aika masa iskar, ba abin da zai yi layi, ba abin da zai shanye, layin na'ura zai tafi a miƙe. Mutanen can ba su san ni ba, ba su san ɓaure ba. Sunan da ke jikin kwalaben kaɗai suka sani. Za su ce wata mata a Zariya ta yi shekara huɗu ta aiko musu da gawayi, ko ba ta iya ba ko ta yi ha'inci. Na riga na zubar mata da aiki. In na miƙa, sunanta zan zubar, ita kuma ba ta da bakin da za ta kare kanta.

Na ce, “Malama, kafin ki ɗauka. Abin da ke cikin nan gawayi ne. Ni na daka shi.”

Carbin mahaifinta ya tsaya. Ƙanwata ta ce, “Inna lillahi, Yaya!” Na ce, “Ke, yi mini shiru, ba ki riƙe reza ba, kyandir kika riƙe.” Na faɗi komai daga farko, ban rage ba, ban kuma jingina wa tsohuwar Kudan ba, don ba ita ta taka zuwa rafi ba.

Malamar ta matso. Ta buɗe gwangwanin ta ɗauki ƙarfen rediyon, ta gwada kwalaben ɗaya bayan ɗaya, duka taran, ko da ta ga ta farko. Ta jera su a kan tabarma. Ta cire tabaranta ta riƙe a hannu.

Ta ce, “Mama, shekara huɗu.”

“Na sani. Ina nan aka yi su.”

“Kin san sau nawa ta...” Ba ta ƙarasa ba. Na ga ranta ya ɓaci ƙwarai, tana danne shi don furfurata. Ban ga laifinta ba.

Mijin ya tambaya daga inda yake, muryarsa ba ta fita sosai, “Ta sani?”

Na ce, “Ta sani. Ta gwada uku.”

“Wata guda ina kai ta ina dawo da ita, tana ce mini in an aika kaza, in sakamako ya zo kaza.” Ya miƙe ya fita zaure. Muna jin sa daga nan.

Mahaifinta ya ce, “Me ta ce miki?”

“Ta ce ya yi laushi.”

Ya sunkuyar da kai. Shekara arba'in da wani abu muna tare, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya ce, “Allah ya jiƙanta,” ya ci gaba da jan carbi.

Na ce wa malamar, “Yanzu babu abin da za a yi?”

Ta goge ido ta mayar da tabarau. Ta ce lokacin na'urar dai ya tafi, sai a sake bin layi. Littafin da marigayiyar ke rubuta aikinta yana ofis, ta rubuta komai dalla-dalla, wata ɗaliba za ta iya bi ta sake haɗawa, ko da zai ci shekara biyu. Amma sai da yashin wurin, shi ɗin dai, don duk awon farko a kansa aka yi, na wani rafi ba zai zo ɗaya ba. Wanda ta ɗebo ya ƙare. A littafin kuwa abin da ta sa kawai, rafin garinmu.

Na ce, “Na san wurin. Na bi ta.”

“Mama, ba zan yi miki alƙawari ba. Ko an sake, ba hannunta ba ne. Ban san ko za a yarda a sa sunanta a gaba ba.”

“Ban roƙe ki alƙawari ba. Bokiti nawa?”

Ta dube ni ta ce, “Ɗaya ya isa. Baƙin zalla, a bushe.”

Da ta tafi ƙanwata ta bi ni madafi. “Yaya, gindin ɓauren za ki koma? Ɗiba za ki yi? Ba ki ga abin da ya faru ba?”

Na ce, “Na mayar musu, sun sake ta? Gobe ki haɗa kayanki, jikokinki na nemanki a Kudan.”

Washegari, da gari ya waye sosai, na dama wa mahaifinta koko na ajiye masa. Na ɗauki bokitinta, yana nan bayan ɗaki inda ta bar shi, na ɗauki ƙarfen rediyo da leda. Na wuce mashaya, na wuce wurin wanki, na bi gefen gonar rake, masu sara suna gaishe ni ina amsawa. Ruwa ya janye, baƙin yashin yana kwance layi-layi a kwanar kamar wancan karon. Na yi bisimilla. Gwiwata ba ta son durƙuso, na durƙusa. Na sa ƙarfen cikin leda na ja shi a kan yashi, baƙin ya tashi ya miƙe tsaye. Da na ga ya miƙe, na kira sunanta, sau ɗaya. Ba kowa a wurin, kuma na gaya wa mai rubutu kada ta tambaye ni.

Aikin da jinkiri. Ja goma ba ya rufe gindin bokiti. Rana ta take ban kai rabi ba, na ce saura sai gobe. Na ɗaure bakin bokitin da kallabi, na ɗora a ka, na dawo gida na shanya yashin a kan tabarma, na zauna kusa da shi da sanda ina korar kaji.